Tambaya da Amsa: Me ya sa magidanta ke riƙe da tsohon littafin Warhammer alhali ga sabo a kanti?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne a birnin Nottingham na ƙasar Ingila, ina zaune da iyalina. Wani Bature maƙwabcina ya gayyace ni wani zaure da suke haɗuwa duk daren Alhamis. Na tarar da magidanta, wasu har da furfura, sun kewaye tebur suna jera 'yan sojojin dalma da suka yi wa fenti, suna jefa dayis irin na ludo, suna awo da tef. Ya ce mini sunan wasan Warhammer. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne littafin dokokin da suke bi na 1993 ne, bangonsa ya ɓare har an liƙe da salatif, alhali kamfanin da ya buga shi yana cikin garin nan kuma ya fitar da sababbi tuntuni. Rowa ce, ko begen ƙuruciya ne kawai? Ɗana mai shekara goma sha ɗaya ya ƙyalla ido ya ce yana so. Tsohon zan nema masa ko sabon?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Batun rowa ka cire shi daga ranka tun yanzu. Waɗancan 'yan sojojin dalma da ka gani, da yawansu an daina ƙera su shekara ashirin ko talatin da suka wuce, sai dai a nemo su a gwanjon intanet ko a hannun wanda ya adana, kuma wani guda ɗaya da bai fi rabin yatsa ba kan fi kwalin sababbi tsada. Mai rowa ba ya daɗewa a wannan harka. Begen ƙuruciya kam akwai shi, ba na musu. Sai dai da shi kaɗai ne, da dare ɗaya za su yi su huce, ba za su riƙa dawowa duk Alhamis ba.

Littafin 1993 da ka gani bugu na biyu ne na Warhammer 40,000. Kamfanin Games Workshop ne mai shi. An kafa shi a Landan a 1975, daga baya ya tattara ya koma Nottingham, inda hedikwatarsa take a unguwar Lenton har yau. Manyan wasanninsa na wancan zamani biyu ne. Akwai Warhammer na takubba da dawakai da dodanni, wanda Bryan Ansell da Richard Halliwell da Rick Priestley suka fitar a 1983, sai kuma na yaƙin sararin samaniya, wato 40,000, wanda Priestley ya rubuta aka buga a 1987 da sunan Rogue Trader. Tun daga nan ake ta sake bugu. Na 40,000 kaɗai ya kai bugu na goma a 2023. Masu komawa na farko-farkon har suna suka laƙaba wa harkarsu, suna ce mata Oldhammer.

Lissafin shekarun ba shi da wuya. Yaron da yake da shekara goma sha biyu a 1993 yanzu ya haura arba'in. A lokacin, babban kwalin bugu na biyu yana ɗauke da sojojin roba guda tamanin: Space Marines ashirin, wato mayaƙan 'yan Adam masu sulke, da Orks ashirin, wato dodanni masu koren fata, da 'yan ƙananan danginsu Gretchin arba'in, ga kangon gini na kwali, har da wani mutum-mutumin yaƙi na Orks wanda shi ma hoton kwali ne kawai ake tsayarwa. Yawancin yaran iya abin da suka mallaka ke nan. Sauran sai dai kallo a mujallar kamfanin mai suna White Dwarf, a yi ta juya shafi ana haɗiyar yawu. Yanzu da aljihu ya yi nauyi, mutum ya koma yana sayen abin da ya kwana yana mafarki yana yaro. Shi ya sa za ka ga suna shafa wa gindin sojan koren fenti shar, suna zuba masa ja mai haske a bindiga da sulke. Salon fentin shekarun 1990 ke nan, kuma da gangan suke yi, ba don ba su iya na zamani ba.

Amma abin da nake ganin ya fi riƙe su shi ne tsohon bugu ya gama canzawa. Wanda bai shiga harkar ba ba zai san nauyin wannan maganar ba. Runduna ɗaya, kafin ka yanke, ka haɗa da gam, ka yi fenti soja bayan soja, mai aiki da iyali zai iya shafe shekara biyu yana yi da daddare. To sabon bugu na 40,000 ya fito a 2017, wani a 2020, wani a 2023, kuma a tsakani duk bayan 'yan watanni ana gyara dokoki da makin kowane soja, wato ƙimar da ake lissafa masa wajen haɗa runduna. Sai ka gama fentin rundunarka ka tarar littafin da ka saya ya zama tsohon yayi, ko kuma an fitar da wani jaruminka daga jerin waɗanda ake yarda da su a gasa. Littafin 1993 kuwa yadda ka bar shi haka za ka tarar da shi. Magidancin da bai samun wasa sai sau ɗaya a wata ba ya bukatar sabon karatu duk zuwan da zai yi.

Hausawa sun ce kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba, kuma a wannan harka akwai shekarar da za a nuna da yatsa. A 2015 kamfanin ya rufe Warhammer na takubba bayan bugu takwas. Ba dakatar da shi kawai aka yi ba, a cikin labarin wasan ma hallaka duniyar aka yi gaba ɗaya, aka kawo wani sabon wasa mai suna Age of Sigmar a madadinsa. Mutanen da suka yi shekara talatin suna tara runduna suka wayi gari ba su da gida. Har wani ya cinna wa rundunarsa wuta don takaici ya sa bidiyon a YouTube. Da yawa kuwa sai suka ɗauko tsofaffin littattafansu suka karkaɗe ƙura. Kamfanin da kansa ya ga yawan masu wannan bege, a farkon 2024 ya dawo da waccan duniyar da sunan Warhammer: The Old World, har da sake fito da wasu tsofaffin sojoji kasuwa.

Sai kuma ɗanɗanon wasan kansa, wanda a nan ne nake so in daɗe kaɗan. Dokokin yau an rubuta su ne da gasa a zuciya: mutum biyu da ba su taɓa haɗuwa ba su zauna, a yi adalci, a gama cikin 'yan sa'o'i, a san wanda ya ci. Wannan abu ne mai kyau. Tsofaffin kuwa labari aka rubuta su su haifar. Rogue Trader ma da alƙalin wasa ake yin sa, mutum na uku wanda zai tsara abin da ya haɗa faɗan, ya ɓoye wa kowane ɓangare wani sirri, ya yanke hukunci idan littafi bai ce komai ba. A bugu na biyu, idan aka harbi tanka, sai an jefa dayis an ga ina harsashin ya samu, taya ce ko inji ko hular saman, kuma hular na iya fizgewa ta tashi ta faɗo kan wanda tsautsayi ya ratsa, ko da naka ne. A na takubba, rundunar Orcs, takwarorin Orks a wancan wasan, kan tsaya ana tsakiyar yaƙi su kaure da rigima a junansu idan dayis ya ba da ɗaya. Akwai wasu Goblins, ƙananan dangin Orcs, mahaukata masu juya ƙatuwar ƙwallon ƙarfe a sarƙa, da zarar an sake su ba mai iko da inda za su nufa.

Abin da na fi kewa ni kaina shi ne harba igwa. A na takubba, kafin bugu na takwas na 2010, ba a yarda ka auna nisa kafin ka harba ba. Sai ka duƙa, ka daidaita idonka da bakin tebur, ka ƙiyasta, ka faɗi adadin inci da bakinka kowa ya ji, sannan a miƙa tef. Na taɓa zama da wani kafinta a irin wannan tebur. Ya runtse ido ɗaya, ya yi shiru kamar mai auna katako, ya ce inci ashirin da shida. Aka ja tef, zauren ya yi tsit, bakin tef ɗin ya sauka a kan dokin janar ɗina. Shekaru sun wuce, na manta wanda ya ci wasan ranar, amma har gobe ina ganin yatsansa a kan tef ɗin. Irin wannan ne mutanen zaurenku suke nema duk Alhamis.

Akwai kuma hannun mutum a jikin kayan. Tsofaffin sojojin da hannu aka sassaƙa su, kuma wanda ya saba yakan gane aikin kowa: Goblins na Kev Adams da murmushin mugunta, mayaƙan tagwayen nan Alan da Michael Perry, da siraran mayaƙan sararin samaniya, wato Eldar, na Jes Goodwin. Wani hannunsa ya yi girma, wani kansa ya rinjayi jiki, amma kowanne da fuskarsa. Na yau a kwamfuta ake zana mafi yawansu, sun fi tsafta da kyan ƙira nesa ba kusa ba, sai dai ba ka jin nauyin nan na ƙarfe a tafin hannu. A zamanin Rogue Trader motocin yaƙi ma ba su wadata a kanti ba, don haka Priestley ya ƙera wata da robar turaren hammata, aka buga hotonta, yara suka yi ta kwaikwayo. Duk wanda ya taɓa haɗa motar kara ko ta gwangwani yana yaro ya san daɗin da ke cikin wannan.

Kada ka ɗauka komai na da zuma ne. Bugu na biyu yana da jan lokaci, musamman idan aka zo gaba da gaba, domin soja ɗaya-ɗaya ake warware faɗan, sai dare ya raba ba a gama ba. Adalci ma ya yi ƙaranci. A cikin katunan dabarun yaƙi da ake wasa da su akwai wani na annoba da kan iya share rabin rundunar da ba ta da rufaffen sulke tun ba a yi nisa ba, shi ya sa ƙungiyoyi da yawa suke zare shi daga cikin katunan. A na takubba na 1992 da 1996, jarumi ɗaya a kan dodo mai fuka-fuki kan iya tarwatsa runduna guda. Waɗannan littattafai ba sa tafiya sai tsakanin mutanen da suka san juna kuma suke jin kunyar juna. Idan aka samu mai son ci ko ta halin ƙaƙa, wasan ya lalace. Wani ɓangare na abin da dattawan suke tunawa a matsayin kyawun dokoki, a gaskiya kyawun abokan wasansu ne.

Game da yaronka, ga abin da zan ce. Shi ba shi da 1993 da zai tuna. Abin da zai sa ya ɗore shi ne abokan wasa, don haka ka fara tambayarsa ko akwai 'yan ajinsu masu yi. Idan akwai, kusan tabbas sabon bugu suke bi, to ka saya masa ƙaramin kwalin masu farawa na roba, da fenti kala huɗu ko biyar da buroshi ɗaya, kada ka wuce haka sai ka ga ya gama fentin waɗannan. Idan kuwa zauren maƙwabcinka ne kaɗai inda zai yi, kada ka sayi komai tukuna. Masu tsohon bugu yawanci suna da runduna fiye da ɗaya, kuma ba abin da ke faranta musu rai kamar yaro ya nemi a koya masa. Sojan robar da aka saya yau ma ana iya jera shi a bi tsohon littafi da shi, in dai mutanen teburin sun yarda. Na san kuma za ka so ka ji wannan: dayis ɗin nan ba na caca ba ne, ba a zuba kuɗi, aikinsa kawai ya nuna ko harbi ya samu ko ya kuskure.

In har tsofaffin na ƙarfe suka shigo gidanka, ka kula da abu biyu. Waɗanda aka zuba kafin 1997 akwai dalma a cikinsu, a shekarar ne kamfanin ya koma ƙarfen da ba dalma. Kada ƙannensa ƙanana su kai su baki, kada a goge su da zarto a inda ake cin abinci, a wanke hannu bayan an taɓa waɗanda ba fenti. Na biyu, akwai jabu a kasuwa. Ni ma wani mai sayarwa a intanet ya taɓa aiko mini da guda biyar, da na duba sai na ga layin zubi biyu a gefen kowanne maimakon ɗaya, fuskokin sun dusashe, rubutun da ke jikin ɗan ƙarfen ƙasan ƙafa ya cuɗe ba ya karantuwa. Kafin ka biya, ka nemi hoto na kusa ka nuna wa maƙwabcinka. Idan kuma ka samu na gaske amma wani yaro ya lafta musu fenti shekara talatin da suka wuce, kada ka raina su, su ne ma suka fi araha. Ka jiƙa su a Dettol ruwan ƙasa, wanda ba a sirka da ruwa ba, kwana ɗaya ko biyu, ka sa safar hannu ka goge da tsohon buroshin haƙori, sannan ka wanke da sabulu. Za ka ga ƙarfen ya fito fes, sai ka miƙa wa yaron ya sa nasa fentin.