Ku Tambayi Masana: Ƙaron gwanda da funfunar tumatir

Tambaya: Malam, mun san ganyen gwanda yana sa nama ya yi laushi. An ce irin wannan sinadarin ne tsirrai ke yaƙar funfuna da shi. To in na fesa ƙaron gwanda a tumatir, zai kashe cutar ganye? Daga wani manomin rani, Kura.

Amsa: Malam manomi, rabin maganar gaskiya ce. Abin da ke tausasa nama a gwanda sunansa fafen, ɗaya daga cikin sinadaran da masana ke kira furotiyes, wato masu yanka furotin gunduwa-gunduwa. Tumatir ma yana da danginsu, amma a cikin ganye yake ajiye su, a ruwa mai ɗan tsami da ke tsakanin ƙwayoyin halittarsa. Nan kuwa funfunar ganyen tumatir, Cladosporium fulvum, take zama bayan ta shiga ta ƙofofin numfashi na ƙasan ganye. Alamarta ɗigo-ɗigon rawaya a saman ganye, da gashi-gashi mai launin ƙasa-ƙasa a bayansa.

Biyu daga cikin waɗannan sinadaran na tumatir su ne Pip1 da Rcr3. Shi Rcr3 a kulle ake ƙera shi, da wani yanki da ya toshe bakinsa, sai wani furotiyes, irin su P69B, ya yanke toshiyar kafin ya fara aiki. Funfunar ba ta zo hannu rabbana ba. Tana fitar da wani ƙaramin furotin, Avr2, wanda ke manne wa Pip1 da Rcr3 ya hana su yanka.

Dabarar tumatir ta fi nan armashi. Irin da ke ɗauke da ƙwayar gado Cf-2 yana da mai gadi a jikin ƙwayar halitta, wanda ba funfunar yake kallo ba, Rcr3 yake kallo. Da zarar Avr2 ya kama Rcr3, mai gadin zai farga, ƙwayoyin da ke wurin su kashe kansu, cutar ta rasa inda za ta ci gaba. Wato Rcr3 tarko ne, ɓarawo ya taɓa shi ƙararrawa ta kaɗa. A 2002 aka gano cewa Rcr3 furotiyes ne dangin fafen, a 2005 aka nuna cewa Avr2 na toshe shi.

Tarkon yana lalacewa ta hanya biyu. Akwai jinsunan funfunar da Avr2 ɗinsu ya canza har Cf-2 ba ya gane su, shi ya sa iri mai juriya kan wayi gari ya kamu. Sannan Cf-2 daga tumatir ɗin daji na Kudancin Amurka aka ɗauko shi, kuma in aka haɗa shi da Rcr3 na tumatir ɗin gida maimakon na dajin, ganye kan yi tabon ƙuna ko babu cuta. Masara ma tana irin wannan kokawar da Ustilago maydis, dangin burtuntuna, wadda ke toshe furotiyes ɗin masarar da furotin Pit2.

Batun feshi kuwa, kada ka ɓata ƙaronka. A kan fatar ganye zai tsaya, rana ta lalata shi, ruwa ya wanke, cutar kuma tana can ciki. Ga shi yana ƙona fata da ido.

Wannan funfunar laima take so, daga kashi 85 cikin 100 zuwa sama, da ɗumi wajen digiri 22 zuwa 24, don haka ta fi addabar tumatir ɗin rumfar leda da na damina. Ka ba shuka tazara iska ta ratsa, ka cire ganyen ƙasa da suka kamu ka ƙone su, ka yi ban ruwa a gindi da safe ba a kan ganye ba. Wajen sayen iri, ka duba ambulan ko an rubuta juriya ga wannan cuta, ana yawan sa mata alamar Ff ko Pf.