Tambaya da Amsa: Me Ya Sa Sabunta Hive Ke Ɗaukar Lokaci?

Tambaya: Malam, Facebook kan sabunta manhajarsa dare ɗaya, amma Hive sai a yi ta gwaji wata da watanni. Mene ne dalili? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Hive dandalin sada zumunta ce da ke kan sarƙar bayanai (blockchain), wato rijistar da kwamfutoci da yawa ke riƙewa tare. Ta ɓalle daga irinta mai suna Steem a Maris 2020, kuma ba ta da shugaba guda. Shaidu 21, wato masu kwamfutocin da ake zaɓa ta ƙuri'a, su ne ke rubuta bulo (sabon shafin bayanai a sarƙar) bi da bi duk daƙiƙa 3, kuma sai 17 daga cikinsu sun ɗora sabuwar manhaja kafin sauyin doka ya fara aiki.

Shi ya sa aka raba aikin gida-gida. Lissafin kuɗi da ƙuri'u na cikin ginshiƙin sarƙar. Jerin mabiya da tsarin sharhi kuwa an kai su Hivemind, wata manhaja daban mai ajiya a rumbun bayanai na PostgreSQL. Idan ita ta samu matsala, a gyara ta kawai, kuɗin kowa na nan daram.

Ginshiƙin ne ba a yi masa garaje. Ana fara kafa sarƙar gwaji mai kuɗin wasa, masu sa kai su yi ta aika saƙo, su kaɗa ƙuri'a, su tura kuɗi, da niyyar karya ta. Sai dai sarƙar gwaji ba ta da cunkoson ta gaske, kuma a nan gizo ke saƙar. A Satumba 2018, sabuntawa ta 20 a Steem ta kawo sabon ma'aunin amfani da sarƙar. Lissafin ya fito a karkace, mutane da yawa suka wayi gari ko sharhi ba sa iya yi, har sai da aka fitar da gyara.