Tambaya da Amsa: Sake Fitar da Faifan Jaz Don Tunawa da Marigayi

Tambaya: Malam, barka da aiki. Na daɗe ina sauraron kiɗan jaz, kuma na lura kamfanoni suna yawan sake fitar da tsofaffin faya-fayai da sabon bango, a rubuta cewa an yi ne don tunawa da marigayi wane. Shin girmamawa ce ta gaskiya, ko ciniki ne ake yi da sunan mamaci?

Amsa: Barka kadai, ɗan'uwa. Duka biyun akwai su, har ma a faifai guda, domin babu kamfanin da ke buga faifai sadaka. Abin da nake dubawa shi ne ko sabuwar fitowar ta mayar wa marigayin wani abu da ta farko ta tauye masa: kiɗansa cikakke, sunansa a inda ya dace, da rabon magadansa.

Tunawa da mamata tsohuwar al'ada ce a wannan kiɗa, saboda yawancin manyan makaɗansa a ƙarƙashin wani ubangida suka koyi sana'ar, a cikin ƙungiyarsa, kuma idan aka yi rashi da kiɗa suke yin marsiyya. Lokacin da mabushi Clifford Brown ya rasu a haɗarin mota a 1956 yana da shekara 25 kacal, abokinsa Benny Golson ya tsara masa I Remember Clifford, wanda har yau ake kaɗawa. A 1959 kuma Charles Mingus ya sa Goodbye Pork Pie Hat a faifansa Mingus Ah Um don tunawa da Lester Young, mai busa saksofon, wanda ya rasu a watan Maris na shekarar. Wannan faifan na Mingus ya nuna amfanin sake fitarwa ƙarara, domin a fitowarsa ta farko an datse da yawa daga cikin kiɗe-kiɗensa don su shiga faifan garmaho, kuma sai a 1979 aka maido da abin da aka yanke.

Misalin da ya fi kama zuciyata shi ne na Duke Ellington, shugaban wata babbar ƙungiyar jaz, da Billy Strayhorn. Kusan shekara 30 suka yi suna aiki tare, Strayhorn yana tsara kiɗa yana shirya wa ƙungiyar, amma jama'a da dama suna ɗauka cewa duk abin da suka ji aikin Ellington ne. Strayhorn ya rasu ranar 31 ga Mayu 1967 bayan fama da ciwon daji, kuma kafin shekarar ta ƙare Ellington ya tara ƙungiyarsa suka ɗauki faifai sukutum na kiɗe-kiɗen marigayin, And His Mother Called Him Bill, wanda ya fito a 1968. A cikinsa akwai Blood Count, da Strayhorn ya aiko daga gadon asibiti, akwai kuma Lotus Blossom, da Ellington ya zauna shi kaɗai ya kaɗa a fiyano bayan an tashi aiki, ana jin maganar makaɗa suna tattara kayansu. Injiniya bai kashe na'ura ba, aka kuma bar shi haka da hayaniyarsa. Da aka sake fitar da faifan a CD an ƙara kiɗe-kiɗen da ba su sami shiga a farko ba, kuma ta wannan hanya sababbin masu sauraro suka san wanda ya tsara abin da suke ji. Idan kuwa tsohon faifan ne kawai aka yi wa sabon hoto aka ƙara masa kuɗi, to zarginka yana kan hanya.

Tambaya: Malam, ni makaɗin ganga ne. Shekaru da yawa da suka wuce muka ɗauki faifan jaz tare da malamina da abokaina biyu, kuma dukansu yanzu sun riga mu gidan gaskiya. Ina so in sake fitar da shi don tunawa da su. Ta ina zan fara?

Amsa: Allah ya jiƙansu, ya ba ka haƙurin rashi. Ka fara da neman asalin tef ɗin da aka ɗauki sautin a kai, kada ka dogara da faifan da aka sayar a kasuwa, wanda kwafi ne. Kada ka yi saurin ɗebe tsammani idan ba a same shi a situdiyo ba. Kiɗan da mai busa saksofon John Coltrane ya ɗauka ranar 6 ga Maris 1963 asalinsa ya salwanta a hannun kamfani, amma kwafin da ya tafi da shi gida ya tsira a wurin dangin matarsa ta farko, aka fitar da shi a 2018. Wasan da makaɗin fiyano Thelonious Monk da Coltrane suka yi a zauren Carnegie a 1957 kuma, tef ɗin Muryar Amurka ne da ya kwanta a ɗakin karatu na Majalisar Dokokin Amurka har 2005. Saboda haka ka tambayi iyalan marigayan, da injiniyan da ya yi aikin, da gidajen rediyo. In ka samu, kada ka ɗora shi kan na'ura da kanka, domin wani nau'in tef na tsakiyar shekarun 1970 zuwa na 1980 yana shan danshi ya yi danƙo, sai ƙwararre ya ɗumama shi a zafi kaɗan na sa'o'i kafin a iya kwafe shi zuwa kwamfuta ba tare da ya lalace ba.

Sai maganar haƙƙi, wadda ita ce ke raba zumunci idan aka yi mata sakaci. Haƙƙoƙi biyu ne daban: na wanda ya tsara kiɗan, da na wanda ya mallaki sautin da aka ɗauka, wanda sau da yawa kamfani ne. Na farkon a ƙasashe da yawa yana ɗorewa shekara 70 bayan rasuwar mai shi, yana kuma komawa ga magada. Ka duba tsohuwar yarjejeniyarku, ka zauna da iyalan kowannensu, a rubuta rabon kowa kafin a buga ko da kwafi ɗaya. Akwai abin koyi a aikin Tony Allen, makaɗin gangar Fela Kuti, wanda ya shiga situdiyo a Landan da Hugh Masekela na Afirka ta Kudu a 2010, aikin bai kammala ba har Masekela ya rasu a Janairun 2018. Da amincewar magadansa Allen ya ƙarasa shi, faifan Rejoice ya fito a Maris 2020, shi ma Allen ya rasu a Faris a ƙarshen Afrilun shekarar. Kai ne ka rage da ya san abin da ya faru a ɗakin, don haka ban ga dalilin jinkiri ba.

A takardar bayanin faifan ka rubuta sunan duk wanda ya taɓa kayan kiɗa, da ranar ɗauka, da wurin, da wanda ya tsara kowane kiɗa, sannan ka faɗi abin da malaminka ya koya maka dalla-dalla maimakon jera kirari. Game da ɗaukar da aka ajiye gefe tun farko, ra'ayina shi ne wadda aka bari don rashin wuri a fito da ita, amma wadda ka san malaminka ya ƙi don bai gamsu da busarsa ba, ka bar masa ita a rufe.

Tambaya: Malam, idan aka gyara sautin tsohon faifai da na'urorin zamani, ba a sauya abin da marigayin ya bari ba?

Amsa: Ana iya sauyawa, 'yar'uwa, musamman idan injiniya ya matsa wajen share ƙarar tef har ya haɗa da numfashin mabushi, ko ya cika ƙarfin sauti har sanyin kiɗa da zafinsa suka zama ɗaya. Amma gyara na ƙwarai yana kusantar da mu ga ainihin abin da aka kaɗa. Fiye da shekara 30 aka yi ana sauraron kiɗe-kiɗe uku na farkon faifan Kind of Blue na Miles Davis, na 1959, da ɗan sauri fiye da yadda aka kaɗa su, saboda na'urar ɗaukar ba ta juya daidai ba, kuma sai a fitowar 1992 aka daidaita su. Shi kansa Davis ya rasu a Satumbar 1991, kafin gyaran ya fito.