Amsa: Yaya zan gane ƙarfe mara tsatsa zai jure ruwan teku?

Ɗan'uwa, ka ce ka jiƙa guntun ƙarfe a ruwan gishiri mako ɗaya bai yi komai ba, kana tambaya ko hakan ya wadatar. Gaskiya bai wadatar ba.

Abin da ke kare irin wannan ƙarfen shi ne sinadarin kuromiyam da ke cikinsa, aƙalla kashi 10.5 cikin ɗari, wanda ke yi masa wata fata siririya da ido ba ya gani. Gishirin teku kuwa huda wannan fatar yake yi. Sai ka ga ƙarfe yana sheƙi, amma da ƴan ramuka kamar bakin allura, ciki kuma ya rarake. Inda ya fi cinyewa shi ne lungun da ruwa ke kwanciya ba ya gudana: ƙarƙashin noti, ƙarƙashin wosha, gefen walda. Don haka idan za ka sake gwadawa, ɗaure masa noti da wosha, ka bar shi watanni a ainihin ruwan teku, sannan ka kwance ka duba ƙasan da madubin ƙara girma.

A ɗakin gwaji akwai gwajin da ake kira ASTM B117, wato feshin ruwa mai gishiri kashi 5 a zafin digiri 35 na Salsiyos, amma ni na fi amincewa da wani gwajin mai suna ASTM G48, don ramukan nan yake farauta kai tsaye.

Ƙarfe mara tsatsa iri-iri ne, kowanne da lambarsa. Mai lamba 304 kam kada ka kai shi teku. 316 ya fi shi saboda sinadarin molibdinam da ke cikinsa, sai dai shi ma yana ramewa in ya daɗe a nutse. Aikin da zai zauna cikin ruwa, nemi mai lamba 2507.