Me ya sa suka kifa baba rub da ciki?

Tambaya: Lokotoro, barka da aiki. Babanmu ya kwanta da tari da zazzaɓi cikin hunturun nan, kwana uku numfashi ya gagara, aka shiga da shi reyanimasiyo. Sun ce SDRA ne. Da muka leƙa sai muka tarar an kifa shi rub da ciki, har yayana ya so tada rigima. Wannan magani ne, ko dai dabara ce ta ƙare musu?
Daga wata mai karatu, unguwar Birni, Damagaram

Amsa: 'Yar'uwa, Allah ya ba baba lafiya. Ki ce wa yayanki ya mayar da wuƙar kube. Na sha ganin dangi sun fusata kan wannan kwanciya, kuma ban ga laifinsu ba, don ba kyan gani gare ta ba. Amma tana cikin 'yan abubuwan da bincike ya tabbatar suna ceton rai a wannan ciwo na SDRA, wato matsanancin kumburin huhu da ke hana numfashi.

Huhu kamar soso yake, cike da ƙananan jakunkunan iska. Idan ciwon huhu ya tsananta, ko ƙwayoyin cuta suka shiga jini, ko amai ya faɗa hanyar numfashi, ko zazzaɓin cizon sauro ya yi muni, sai huhun ya kumbura, ƙananan jijiyoyin jini su riƙa yoyo, ruwa ya cika jakunkunan. Mutum na ta haki, oksijin bai isa jini ba. Idan yana rigingine, nauyin zuciya da na ruwan yana danne bayan huhu, wanda shi ne yanki mafi girma. Da an kifa shi sai wurin ya buɗe.

Ba da ka aka fara yin haka ba. A 2013 wani bincike da Claude Guérin na Liyon a Faransa ya jagoranta ya bi majinyata 466 masu ciwon da ya yi tsanani. Waɗanda aka riƙa kifawa aƙalla awa 16 a jere, 16 cikin 100 suka rasu cikin kwana 28. Na rigingine kuwa kusan 33. Kafin nan, a 2000, masana a Amurka sun gano cewa na'urar numfashi kanta tana lahanta huhu idan ta cika hura iska. Da aka rage iskar zuwa rabi, mace-mace suka sauka daga kusan 40 zuwa 31 cikin 100.

Tun 1967 da aka fara bayyana ciwon a birnin Denba na Amurka, kan majinyata 12, har yau babu ƙwaya ɗaya da za a ce ita ce maganinsa. Deksametazon, wani maganin rage kumburi, ya taimaka wa masu korona a 2020. Yanzu masu bincike sun karkata ga rarrabe majinyata, tunda an lura wasu kumburinsu ya fi na wasu zafi, kuma ba lalle magani ɗaya ya yi musu aiki iri ɗaya ba.

Ni abin da ya fi faranta mini rai daga Kigali, babban birnin Ruwanda, ya fito. Ma'aunin gane ciwon da aka tsara a birnin Balin na Jamus, wanda ya fito a 2012, yana neman gwajin iskar jini da na'urar numfashi, abubuwan da yawancin likitocinmu na karkara ba su da su, ke nan majinyacin ƙauye ba ya ma shiga lissafi. A 2016 aka nuna a Ruwanda cewa 'yar na'urar auna oksijin da ake maƙalawa a yatsa da hoton eko na huhu sun isa a gane ciwon, kuma sabon ma'aunin duniya na 2023 ya karɓi wannan.

Roƙona ɗaya gare ku: kada kowa ya ɗura wa baba ruwa ko kunu ko rubutu a baki muddin bututu na maƙogwaronsa, don huhu zai nufa. Idan Allah ya sa ya tashi, ku sa ran kasala da saurin gajiya na watanni, ku bi shi a hankali, kada a ce ya koma kasuwa daga sallama.