Na'urar rage shan mai ko mayar da mota ta gas?

Tambaya: Ina sarin atamfa a Kantin Kwari ina kaiwa kasuwannin ƙauye da motata. Tun da aka cire tallafin mai a 2023, fetur ke cinye ribata. Wani ya tallata min maganaɗisun da ake maƙalawa a bututun mai, wai yana rage shan mai, wani kuma ya ce in mayar da motar ta gas. Wanne zan yi?

Amsa: Alhaji, Allah ya sa albarka a nema. Maganaɗisun nan ka bar wa mai shi kayansa. Hukumar kare muhalli ta Amurka ta gwada irin waɗannan na'urori sama da 100, ba ta samu wadda ke rage shan mai yadda aljihu zai shaida ba.

Fara kai motar wurin bakaniken da ke da kwamfutar duba inji. Abin da ke ba ni takaici shi ne yadda ake cire wa motoci tamostat, wato abin da ke daidaita zafin inji, wai ƙasarmu da zafi. Injin da aka cire wa shi yakan daɗe bai ɗau zafin da ya dace ba, ita kuwa kwamfutar motar sai ta yi ta ƙara masa mai tana zaton har yanzu da sanyinsa. A duba wannan, a duba fulogi da sensan oksijin (na'urar da ke auna oksijin a hayaƙin salansa), ka kuma riƙa gwada iskar taya, musamman da yake kana loda.

Gas ɗin CNG kuwa, wato iskar gas da ake matsawa a tukunya don motoci, ya fi fetur araha, amma sai da lissafi. Ka yi wata guda kana rubuta abin da kake kashewa a mai. Ka tambayi masu amfani da gas nawa suke ragewa, sannan ka raba kuɗin mayar da motar ta gas da ragin da za ka samu a wata, ka ga yaushe kuɗinka zai dawo. In babu gidan gas a hanyar kasuwannin da kake ci, rabin tafiyarka da fetur za ka yi, lissafin ya rushe. Tukunyar ma tana da nauyi, za ta kuma cinye wurin dilar atamfa.

In lissafin ya fita, je cibiyar mayar da motoci na gas da gwamnati ta amince da ita. Gas ɗin a matse yake sosai, tukunyar da aka haɗa a wurin mai walda ba ta iya ɗaukarsa. Irinta ce ta fashe a wani gidan gas a birnin Benin a 2024, ta jikkata mutane.