Tambaya da Amsa: Ɗana yana tsare, maganinsa ya yanke

Assalamu alaikum masu karatu. Wannan watan saƙo uku na ɗauka, duk akan mutanenmu ne masu larurar ƙwaƙwalwa ko shaye-shaye da suka faɗa hannun hukuma. Na cire sunaye kamar yadda muka saba.

TAMBAYA: Malam barka da aiki, Allah ya ƙara basira. Ni uwa ce daga wani ƙauye a ƙasar Ringim, 'yata ce take rubuta min. Ɗana shekararsa 26, yana da taɓin hankali yau shekara huɗu, muna karɓo masa magani a asibiti kuma wallahi in yana sha lafiya ƙalau yake, har noma yake yi ya kai kaya kasuwa. Da damina kuɗi suka yanke mana wata biyu bai sha ba sai ciwon ya tashi, ranar kasuwa ya fasa wa wani mai shago kai da dutse, 'yan sintiri suka kai shi wajen 'yan sanda daga nan sai kotu, yanzu wata bakwai kenan yana gidan yari ba a yanke hukunci ba. Da naje ganinsa bai gane ni ba Malam, yana ta surutu shi kaɗai, duk ya rame. Na kai masa maganin a ƙofa aka ce ba a shiga da ƙwaya. Dan Allah yaya zan yi?

AMSA: Wa alaikumus salam Iya, sannu da haƙuri, Allah ya ba shi lafiya ya fito da shi. Abu na farko da zan tambaye ki, ina katin asibitinsa? In yana nan ki lallaɓa shi kamar takardar gona, domin a yanzu ba ki da makamin da ya kai shi. Ki koma asibitin da kuke karɓar magani, in asibitin ƙwaƙwalwa na Kazaure ne ko na Dawanau ko ma wani, ki nemi likita ya rubuta miki rahoto mai hatimi, sunan ciwon, tun yaushe, wane magani yake sha, ƙwaya nawa a rana. Ki yi hoton takardar kwafi uku ko huɗu, ta ainihin kuma kada ta bar hannunki.

Maganar ƙofa kuwa, ba wai ina kare kowa ba ne amma ki fahimci dalilinsu. Cikin magungunan da muke bai wa masu wannan ciwo akwai waɗanda 'yan ƙwaya suke nema ido rufe, kamar Artane wadda samari ke kira ezol, da diyazefam. To in aka ga ƙwayoyi an ƙulle a leda ba suna ba takarda, mai gadi ba zai bar su su wuce ba. Ki ce kina son ganin jami'in walwala, wato walfiya, ta hannunsa ki kai ga ma'aikacin lafiya na ciki, ki damƙa masa maganin a cikin kwalinsa tare da takardar likita, shi ne zai riƙa ba shi. Kuma ki tambayi likitanku ko za a iya mayar da shi kan allurar nan da ake yi bayan sati biyu zuwa huɗu, irin su Modecate, ga wanda yake tsare ko wanda yake yawan tsallake magani wallahi ta fi sauƙin bi nesa ba kusa ba. Likitan ne dai zai duba ko ta dace da shi.

Sai kotu. Ina da yaƙinin har yau babu wanda ya tashi a gaban alƙali ya ce yaron nan ba shi da lafiya, haka abin yake yawan faruwa, a karanta ƙara a ɗaga a mayar da mutum, shi ba ya iya magana ke kuma kina zaune a baya kina tsoron buɗe baki. Doka ta ce in kotu ta ga alamar wanda ake tuhuma hankalinsa bai kai ya kare kansa ba, sai ta sa likita ya duba shi, in ya tabbata a dakatar da shari'ar a nema masa magani. Final Kod, wato dokar laifuffuka ta Arewa, a sashe na 51 ta ce ba laifi ba ne abin da mutum ya aikata alhali gushewar hankali ta hana shi sanin me yake yi, kuma mu musulmi mun riga mun sani, an ɗauke alƙalami daga kan mutum uku, mai barci har ya farka, yaro har ya balaga, da wanda hankalinsa ya gushe har ya dawo. Amma Iya kada in yaudare ki, kati kaɗai ba ya sa a saki mutum, kotu tana duba halin da yake ciki ne a ranar da abin ya faru. Shi ya sa kike buƙatar lauya. Akwai hukumar tarayya mai ba talaka lauya kyauta, Legal Aid, tun 1976 aka kafa ta, ki sa wani namiji cikin dangi ya raka ki ofishinsu na Dutse da kwafin rahoton. Ki kuma roƙi walfiya ya sa sunansa cikin waɗanda za a gabatar in Babban Jojin jiha ya kawo ziyarar rage cunkoso.

Kada kuma ku manta da mai shagon. An zubar masa da jini, yana da haƙƙi. Ku je ta hannun mai gari da liman ku ba shi haƙuri, ku biya abin da ya kashe a asibiti gwargwadon ƙarfinku, na sha ganin irin wannan ƙarar ta zo ƙarshe ranar da mai ƙara ya shiga kotu ya ce ya yafe.

TAMBAYA: Malam ni ne sakataren ƙungiyar ci gaban garinmu a ƙasar Rano. Muna da samari da yawa da suka je gidan yari akan wiwi, tiramol, sata da faɗan daba, in sun fito ba a wata uku an sake kama su. Mun kafa kwamiti da mai unguwa da liman da shugaban 'yan sintiri, mun tara ɗan kuɗi, mun yi taron wa'azi sau biyu amma bamu ga canji ba. Ta ina ake kama irin wannan aikin?

AMSA: Ɗan'uwa Allah ya saka muku, wannan tambayar na daɗe ina jiran wani ya yi min ita. Wa'azi yana da kyau amma ku daina kashe kuɗin a rumfa da lasifika. Inda muke asarar yaran nan wuri ɗaya ne, bakin ƙofar gidan yari ranar da aka sake su.

Bari in ba ka abin da na gani da idona lokacin ina aiki a ɗakin duba marasa lafiya. Wani yaro aka sako da hantsi, ba wanda ya san ranar ce a gidansu, silifas ɗinsa ƙafa ɗaya ya tsinke ya ɗaure da leda, ba ko kuɗin mota. Mutum na farko da ya gane shi a tasha tsohon abokin shansa ne, shi ya saya masa shayi da burodi ya biya masa mota, da dare ya miƙa masa ƙwaya irin adadin da ya saba sha da. Da asuba aka kawo mana shi a bayan a-kori-kura yana kumfa yana fisge-fisge, Allah ya yi da sauran kwana. Abin da mutane ba su sani ba, wanda ya yi wata shida bai sha ba jikinsa ya manta, abin da yake ɗauka da ya yi masa yawa yanzu, shi ya sa bincike a ƙasashe da dama ya nuna sati biyun farko bayan fitowa su ne mafi haɗarin mutuwa ta hanyar ƙwaya. To in kwamitinku bai yi komai ba sai wannan ɗaya, wato ku san ranar fitowar kowane yaro, wani babba ya je ya taro shi ya kai shi gida ya ci abinci, cikin sati ɗaya a kai shi a duba shi, kun riga kun yi rabin aikin.

Ku sayi littafi mai kauri. Kowane yaro shafinsa, yaushe ya fito, me yake sha, yana da ciwon ƙwaƙwalwa ko farfaɗiya, ranar komawa asibiti, ranar komawa kotu in beli aka ba shi, da sunan mutum ɗaya, ɗaya tak, da aka ɗora wa alhakinsa. In kuka ce kwamiti ne zai kula to ba wanda zai kula, kowa zai zaci wani ya je. Kada mutum ɗaya ya riƙe fiye da yara huɗu ko biyar, kuma ku fara da goma ko ƙasa da haka, in ta yi kyau ku ƙara. Littafin nan amana ne, ya zauna a kulle wajen mutum ɗaya, ba a karanta sunaye a masallaci ba a tura su a guruf ɗin WhatsApp. Nan ne ma nake da magana akan shugaban 'yan sintiri. Zamansa a kwamiti yana da amfani amma kada littafin ya shiga hannunsa, domin ranar da yaro ya gaya muku ya sake sha washegari aka zo aka ɗaure shi, shikenan babu wanda zai sake gaya muku gaskiya a garin.

Kuma za su sake sha, ku sa wannan a ranku tun yanzu. Komawa ruwa yana cikin yanayin ciwon, kamar mai hawan jini ne da ya sha gishiri jininsa ya hau, ba korarsa ake yi daga asibiti ba. Wanda ya zame ku ɗauko shi ku ci gaba. Ku kuma riƙa bambancewa, akwai mai shaye-shaye zalla, akwai mai ciwon ƙwaƙwalwa zalla, akwai wanda ya haɗa biyun kuma suna da yawa, ku ba za ku iya tantancewa ba, aikin ma'aikacin lafiya ne. Likitocin ƙwaƙwalwa a duk Najeriya ba su kai 300 ba ga mutum sama da miliyan 200, don haka kada ku zauna jiran likita ya zo Rano. Ku jawo mai kula da asibitin sha-ka-tafi na garinku cikin kwamiti, Hukumar Lafiya ta Duniya tana da tsarin horar da irinsu da ake kira mhGAP don su iya gane ciwon su fara taimako su tura wanda ya fi ƙarfinsu. Masu tsanani ku kai Dawanau ko sashen ƙwaƙwalwa na Asibitin Malam Aminu Kano. NDLEA ma ba kame kaɗai take yi ba, tana da ɓangaren ba da shawara da layin kira kyauta, 0800 1020 3040, ga kuma cibiyar gyaran tarbiyya ta Ƙiru da ba ta da nisa da ku. Wanda ya daɗe yana shan diyazefam ko ƙwayar sa barcin nan da ake kira rochi kada ku sa shi ya yanke rana ɗaya, yana iya jawo farfaɗiya har da rasa rai, a hankali ake rage masa ƙarƙashin kulawar asibiti.

Kuɗin da kuka tara ya tafi kan kuɗin mota ranar asibiti, maganin wata, da ɗan jari, a rubuta kowace naira mutum biyu su sa hannu. Wajen sana'a kuma ku yi tunani, da yawa daga yaran ƙauye ƙwadago ne ya koya musu tiramol, a sha a yi huɗa ko yankan shinkafa tun safe har yamma ba a ji gajiya ba, to in ka mayar da shi cikin gungun nan a sati na farko ka mayar da shi inda ya faro. Ku nema masa wajen tela ko mai gyaran babur ko kiwo, inda akwai babba a kansa.

Akwai kuma ƙofar da mutane ba su san an buɗe ba. Dokar 2019 da ta mayar da gidan yari gidan gyaran hali ta kawo hukuncin da ba na ɗauri ba, kamar aikin al'umma da sakin mutum bisa sa ido. Alƙali ya fi samun ƙwarin gwiwar yin haka a ƙaramin laifi in ya ga dattawa a tsaye sun ce mun karɓe shi kuma ga tsarinmu a rubuce. Ku je ku gabatar da kanku ga alƙalin yankinku da DPO da walfiya tun kafin a kama wani. Bayan wata shida ku buɗe littafin ku ƙirga, nawa ne suka je asibiti a ranarsu, nawa ke sana'a, nawa aka sake kamawa, da wannan za ku tunkari shugaban ƙaramar hukuma ko masu hannu da shuni.

Sannan ban ji ka ambaci mace ko ɗaya ba. Binciken ƙasa na 2018 ya ce mutum miliyan 14.3 ne suka yi ta'ammali da ƙwaya a Najeriya, a Kano kashi 16 cikin 100 na 'yan shekara 15 zuwa 64 ne suke sha, kuma duk mutum huɗu masu sha ɗaya mace ce. Su a ɗaki suke sha, in an kama su an sako su dangi ma gudunsu suke. Ku sa ungozoma ko malamar Islamiyya a kwamitin.

TAMBAYA: Malam ƙanina ya fito daga gidan yari wata ɗaya kenan, baya barci yana cewa ana binsa, kawunmu ya ce a kai shi gidan mari a sa masa sasari. Ni daga ƙasar Gumel.

AMSA: A'a 'yar'uwa, kada ku kai shi. Kin tuna 2019 da aka buɗe wani irin gidan a Rigasa ta Kaduna aka fito da mutum kusan 300, wasu da sarƙa a ƙafa da tabon duka, har gwamnatin Kano ta rufe irinsu a shekarar. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da tsohon Shugaba Buhari ya sa wa hannu, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958, ta ba mai wannan larura haƙƙin a yi masa magani cikin mutunci. Addu'a da ruƙiyya ku yi masa a gida ba duka ba ɗauri, amma rashin barci da jin ana binsa alama ce da ke son asibiti a satin nan, ba sai wata mai zuwa ba. Ku kawar da wuƙa da igiya da maganin feshi daga ɗakinsa, kada a bar shi shi kaɗai da dare, in ya ambaci kashe kansa ku tafi da shi a ranar. Ki samu wanda kawu yake jin nauyinsa ya yi masa magana, in da hali ma kawun ya raka ku Kazaure ya ji daga bakin likita da kunnensa. Ki sake rubuto min bayan kun dawo in ji yadda kuka yi.